Me ya sa radish yake yaushi ko a firji, kuma yaya za a adana shi?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ina son radish sosai, irin jajayen nan ƙanana masu kama da ƙwallo, amma duk lokacin da na sayo dami biyu ko uku, kafin kwana uku sun yi yaushi kamar roba, alhali a firji nake ajiye su. Wata ƙawata ta ce in riƙa jiƙa su a ruwa, wata kuma ta ce ruwan ne ma yake ruɓar da su. Maganar wa zan ɗauka? Sannan wanda ya riga ya yi yaushi, akwai dabarar da za ta dawo da shi ko zubarwa kawai zan yi?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. In na fahimce ki daidai, abu uku kike son sani: dalilin yaushin duk da sanyin firji, ko ruwa gyara yake yi ko ɓarna, da kuma makomar wanda ya riga ya saki jiki. Ƙawayenki biyu kowace da gaskiyarta, sai dai kowace rabin maganar ta kama. Amma kafin mu je kansu, akwai kalma ɗaya a cikin tambayarki da ta ja hankalina, wato "dami". Radish ba ya ɗauruwa dami sai da ganyensa. Na shekara da shekaru ina noman kayan lambu da ajiyarsu bayan girbi, kuma duk sanda aka kawo mini irin wannan ƙorafi, abin da nake fara tambaya shi ne: da ganyen aka sa shi a firjin? Kusan kullum amsar ita ce eh.

Ɓarawon yana kan damin

Radish ɗan dangin kabeji ne, masana tsirrai suna kiransa Raphanus sativus. Abin da muke ci, wato wannan dunƙulen, ma'ajiyar ruwa da abinci ce da tsiron ya tanadar wa kansa. Kusan kashi 95 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne. Ƙaras-ƙaras ɗin nan da kike ji idan kin gartsa shi ba wani abu ba ne illa ƙananan ƙwayoyin halittar da ke cikinsa, kowace ta cika tam da ruwa tana tokare da bangonta, kamar tayar da aka bai wa iska sosai. Haƙori na taɓa su sai su fashe. Da zarar ruwan ya ragu, ko da kaɗan ne, sai tokarewar ta sassauta, haƙori ya riƙa lotsa su maimakon fasa su. Yaushin ke nan. Ba sai ya rasa rabin ruwansa ba. Ɗan abin da bai taka kara ya karya ba ya isa ki ji bambanci a baki.

To ta ina ruwan yake fita? Wani yana fita ta ɓawo, domin ɓawon radish siriri ne, ba shi da kauri ko maiƙon da zai tare ruwa. Amma babbar ƙofa ita ce ganye. Aikin ganye a gona shi ne ya zuƙo ruwa daga saiwa ya sake shi cikin iska ta wasu ƙananan ramuka da ido ba ya gani, ita kuma saiwar ta maye gurbinsa daga ƙasa. Tumɓuke tsiron bai sa ganyen ya daina aikinsa ba. Yana nan yana zuƙa, yana saki, amma yanzu babu ƙasar da za a ɗebo wani ruwan. Saboda haka daga jikin dunƙulen yake ɗiba, dare da rana, har cikin firjin. Ɓarawon gida ke nan.

Masu binciken ajiyar amfanin gona sun auna wannan. A sanyin digiri 0 na ma'aunin Salshiyas, da danshin iska kashi 95 zuwa 100 cikin 100, jan radish mai ganye yana yin kwana 7 zuwa 14, wanda aka cire wa ganye kuwa yana kaiwa kwana 21 zuwa 28. Wato yankan ganye kawai ya ninka kwanakinsa. Waɗannan alƙaluma na manyan ɗakunan sanyi ne, ba na firjin gida ba, amma darasin ɗaya ne.

Don haka aikin farko idan kin shigo gida, tun kafin ki sauke sauran kaya, shi ne ki ɗauki almakashi ko wuƙa mai kaifi ki yanke ganyen. Ki yanke kusa da kan dunƙulen, ki bar ɗan guntun kara da bai wuce rabin santimita ba, amma kada wuƙar ta shiga cikin naman. Duk inda aka ji wa radish rauni, nan ruwa zai riƙa tsiyaya, nan kuma ƙwayoyin cuta za su samu ƙofa. Kada ki fizge da hannu, domin fizga takan yago ɓawon. Wutsiyar nan siririya ta ƙasa kuma ki ƙyale ta sai ranar ci. Ba ta shan ruwan a zo a gani, yanke ta kuwa buɗe wani raunin ne a banza.

Ganyen ba shara ba ne. Idan kore ne shar, ana cinsa, musamman a dafe, domin dahuwa tana kwantar da ƙaiƙayin da ke jikinsa. Ki ajiye shi a leda dabam, ki yi amfani da shi cikin kwana biyu ko uku.

Sanyi kaɗai ba ya isa

Mutane da yawa suna ɗauka cewa da an sa abu a firji an gama. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Firji wuri ne mai sanyi, amma iskarsa busasshiya ce. Danshin da ke ciki yana taruwa a kan ƙarfen da ke samar da sanyin, ya zama raɓa ko ƙanƙara, sannan ya tsiyaye ta baya ya fita. Firjin zamani mai fanka, wanda ba ya tara ƙanƙara, ya fi ma busar da kaya, domin iska tana kaɗawa a kansu ba tsayawa. Ki ajiye yankan burodi a buɗe a ciki ki ga yadda zai wayi gari. Abin da yake samun radish ɗinki ke nan idan kin zube shi a kan shanta ba rufi.

Duk da haka sanyin wajibi ne, saboda radish da ransa ko bayan an tumɓuke shi. Yana numfashi, yana ƙona sukarin da ya tara. Ƙa'idar da masu ajiyar kayan lambu suke aiki da ita ita ce, duk ƙarin digiri 10 na zafi yana ninka saurin wannan numfashi sau biyu zuwa uku. Ma'ana, wanda aka bari a kan tebur a zafin digiri 24 yana tsufa aƙalla ninki huɗu fiye da wanda yake cikin firji a digiri 4. Shi ya sa awannin da ya yi a cikin mota mai zafi ko a jaka kafin a iso gida suke cin kwanakinsa tun ba a fara ajiyar ba.

Abin da ake nema ke nan: sanyi, da iska mai danshi a kewaye da shi, amma ba ruwa kwance a jikinsa ba. A nan ne maganar ƙawarki ta biyu take da gaskiya. Idan aka ƙulle radish jiƙaƙƙe a leda, ledar ta yi gumi, ruwa ya taru a gindinta, to an shimfiɗa wa ƙwayoyin cuta na bakteriya tabarma. Akwai masu sa baƙaƙen ɗigo a ɓawo, akwai masu narkar da naman ya koma yauƙi mai wari. Dukansu ruwa kwance da rauni suke nema.

Ga yadda nake yi a gidana. Bayan na yanke ganye, sai in kakkaɓe ƙasar da ke jiki da hannu ko busasshen tsumma, ba na wankewa. In samu leda mai zif ko roba mai murfi, in shimfiɗa tishun kicin ko tsumman auduga mai tsabta a ƙasa, in zuba radish ɗin, in rufa wani a sama. Idan radish ɗin a bushe yake, nakan ɗan jiƙa tsumman in matse shi sosai, har ya zama ko an murɗa ba ya ɗiga. Idan kuwa an riga an yayyafa masa ruwa a wurin sayarwa, ko ya zo da taɓo har dole na wanke shi, sai in baza shi ya tsane tukuna, sannan in sa tsumman a bushe, domin shi zai tsotse rarar ruwan ya riƙa mayar da ita a hankali. Ledar ba na rufe ta ruf. Nakan bar ɗan baki a buɗe ko in huda ta wuri biyu ko uku don numfashi. Daga nan sai durowar kayan lambu ta ƙasan firji. Idan durowar tana da ɗan maɓallin da ake turawa don danshi, ki tura shi inda zai toshe ramin iskar. Bayan kwana uku ko huɗu ki duba: tsumman ya jiƙe sharkaf, ki canja, ya bushe ƙayau, ki ɗan yayyafa masa ruwa, akwai wanda ya fara laushi ko tabo, ki ware shi daga cikin 'yan'uwansa.

Da wannan, radish da aka sayo sabo yakan yi mini mako biyu cur yana nan da ƙwarinsa, wani lokaci har ya ɗan haura. Ba zan yi miki alkawarin mako huɗun ɗakin sanyi ba, domin firjin gida yawanci yana wajen digiri 4 ne, ana ta buɗe shi ana rufewa, kuma kwanakin da radish ɗin ya yi tsakanin gona da hannunki an riga an cire su daga lissafi.

Wani gargaɗi a kan wurin ajiya, wanda ni da kaina na koya da asara. Radish yana daskarewa ne idan sanyi ya kai wajen digiri ɗaya ƙasa da sifili, wato tazarar da ke tsakanin sanyin da ya fi so da sanyin da zai kashe shi 'yar kaɗan ce. Na taɓa jera akwatuna dab da inda iskar sanyi take fitowa a wani ɗakin ajiya, ina ganin gata na yi musu. Da safe na sama-saman sun yi ƙyalli kamar gilashi, da suka huce kuma suka zama ruwa-ruwa, ba su sake moruwa ba. A firjin gida, bangon baya da kuma shantar da ke dab da gidan ƙanƙara su ne irin wannan wuri. Idan kin taɓa ganin latas ya daskare a wani lungu na firjinki, to ki nisanta radish da nan.

Za ki kuma ji ana cewa kada a haɗa shi da tuffa ko ayaba saboda iskar etilin da suke fitarwa lokacin nuna. Ga kabeji da latas wannan magana ce mai nauyi. Ga radish kuwa, ganyen ne yake yin rawaya, shi dunƙulen bai cika damuwa ba. Tunda an riga an yanke ganyen, kada wannan ya hana ki barci.

Maganar jiƙawa a ruwa

Yanzu ga ƙawarki ta farko. Ita ma ba ta yi ƙarya ba. Idan kika wanke radish tas, kika yanke ganye da wutsiya, kika zuba shi a kwalba mai faɗin baki, kika cika ta da ruwan sanyi mai tsabta har ya rufe shi, kika sa a firji, zai yi ƙwari fiye da kowace hanya. Dalili kuwa, ruwan da ke cikin ƙwayoyinsa yana ɗauke da sukari da gishirin ma'adinai, na kwalbar kuwa tsura ne, kuma ɗabi'ar ruwa ce ya ratsa daga inda yake tsura zuwa inda yake da gauraye. Sai ƙwayoyin su yi ta sha har su cika tam.

Amma hanyar tana da sharaɗi, tana kuma da farashinta. Sharaɗin shi ne canja ruwan kullum, ko aƙalla bayan kwana biyu, kuma kwalbar ta zauna cikin sanyi. Ruwan da aka bari ya kwana uku ko huɗu zai yi gurɓi-gurɓi, ya fara wari, kuma daga nan maganar ƙawarki ta biyu ta tabbata. Farashin kuwa ɗanɗano ne. Yajin radish ba a shirye yake zaune a ciki ba. Akwai wasu sinadarai masu sulfa, wato farar wuta, a gefe guda, da wani sinadarin da ke narka su a ɗaya gefen, kuma ba sa haɗuwa sai an yanka ko an tauna. Haɗuwarsu ce take haifar da yajin nan mai hawa hanci, irin na mustad. Waɗannan sinadarai suna narkewa a ruwa, haka ma jan launin ɓawon. Saboda haka radish da ya daɗe a ruwa yakan fito da ƙwari amma salam, launinsa ya ɗan koɗe, wani ma ya tsage don ya sha ya wuce kima. Wanda yajin yake damunsa zai ga wannan riba ce. Ni dai da nake cin radish don yajin, asara nake ganinta.

Hukuncina a nan shi ne: kwalbar ruwa ta wanda za a cinye cikin kwana huɗu zuwa mako guda ce, musamman idan kina son ki buɗe firji ki ɗauka ki ci ba sai kin tsaya wanki ba. Leda da tsumma kuwa ta ajiya mai tsawo ce. Idan kin sayo dami uku, ba laifi ki sa ɗaya a kwalba, biyu a leda.

Yankakken radish ma haka. Da zarar an yanka, sinadaran nan sun haɗu, yajin ya fara tashi cikin iska, ga kuma wani wari mai kama da na dafaffen kabeji da zai cika robar idan ya kwana. In dole sai kin yanka tun da wuri, ki zuba shi cikin ruwan sanyi a roba mai murfi, ki cinye cikin kwana biyu. Kuma kada ki barbaɗa masa gishiri sai za a kai baki, domin gishiri yana juya tafiyar ruwan nan ne: maimakon ya shiga, sai ya fito. Minti goma sha biyar sun isa ki ga kwanon salak ya tara ruwa, yankan kuma sun yi laƙwas.

Yaushi dabam, totuwa dabam

Wannan ne ɓangaren da na fi son ki riƙe, domin a nan ake yawan zubar da mai kyau, a kuma ɓata lokaci a kan wanda ba ya gyaruwa. Radish yana lalacewa ta hanyoyi da suke kama da juna daga waje, amma cikinsu ba ɗaya ba ne.

Wanda ya yi yaushi kawai, ƙishirwa ce take damunsa. Idan kin matsa shi zai lotsa kamar roba, ɓawon ya ɗan yamutse, amma babu wari, babu yauƙi, kuma idan kin raba shi biyu cikinsa fari ne a cike. Ƙwayoyinsa da ransu. Ki yanke kai da wutsiya don ruwa ya samu hanya, ki tsoma shi cikin ruwa mai ƙanƙara. Wanda aka yanka sirara yakan farfaɗo cikin minti 20 zuwa 30, har ki ga yankan suna lanƙwashewa don cika. Wanda yake dunƙule yana buƙatar awa ɗaya zuwa biyu, wanda ya jigata sosai kuwa ki bar shi ya kwana a ruwan cikin firji. Sau da yawa nakan fito da wanda na fid da rai da shi, washegari in same shi yana ƙara a baki kamar yau aka ciro shi. Sai dai a cinye shi a ranar ko washegari, kada a sake mayar da shi ajiya.

Na biyu shi ne wanda ya yi totuwa. Wannan daga waje ma yana iya yin kyau, amma idan kin ɗaga shi sai ki ji ba nauyi, idan kin raba kuma ki ga cikinsa fari fat, busasshe, mai ƙananan ramuka kamar soso. Nan ba ƙishirwa ba ce. Ƙwayoyin tsakiyar sun mutu, iska ta maye gurbinsu. Yakan faro ne tun daga gona, idan an bar shi ya wuce lokacin cirewa ko zafi ya yi masa yawa, domin jan radish ɗan gaggawa ne, cikin mako uku zuwa huɗu da shuka ya isa girbi, kuma 'yan kwanaki kaɗan na jinkiri sun isa su ɓata shi. Ajiya cikin ɗumi tana ƙara abin. Haka idan ya fara sabon toho a ka ko fararen saiwoyi a gindi yana cikin leda, to abincin da ya tara yake ci, kuma totuwa yake nufa. Ko kwana nawa ya yi a ruwa ba zai dawo ba, soson ne kawai zai jiƙe. Ba ya cutarwa, ana iya dafa shi, amma daɗin ɗanye ya tafi.

Wanda ya daskare ya narke ma ba ya dawowa, domin ƙanƙarar ta farfasa bangon ƙwayoyin, babu abin da zai riƙe ruwa. Shi kuwa mai yauƙi, ko wari, ko furfura, ko baƙin da ya ratsa cikin nama, wannan zubarwa za a yi, a wanke robar da sabulu kafin a sake sa wani. Idan ɗigon baƙin a ɓawo kawai ya tsaya, naman kuma da ƙwarinsa, ana iya fere wurin da ɗan faɗi a ci sauran.

Tunda totuwa ba ta da magani, maganinta a wurin saye yake. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ki matsa shi a hankali tsakanin yatsu biyu: mai kyau ba ya lotsawa ko kaɗan. Ki gwada nauyinsa a tafin hannu. Cikin jajayen nan ki zaɓi matsakaita, ki bar manya-manyan da suke ɗaukar ido, domin su suka fi yin fanko. Ki guji mai tsaga. Ganyen kuma, duk da na kira shi ɓarawo, a wurin saye shi ne mai shaida: kore a miƙe yana nufin ba a daɗe da cirowa ba, wanda ya yi rawaya ya kwanta kuwa ya riga ya sha rabonsa daga jikin dunƙulen. Idan na leda ne wanda aka riga aka cire wa ganye, ki duba ko ruwa ya taru a ciki ko ya fara toho.

Idan babu firji, ko wuta ta ɗauke

Ba tare da sanyi ba, kwanaki ake magana, ba makonni ba, kuma gara a sayi daidai abin da za a ci. Duk da haka akwai dabaru. Bayan yanke ganye, ki naɗe shi a jiƙaƙƙen tsumman da aka matse, ki ajiye a wuri mafi sanyi da inuwa a gidan, inda iska take wucewa, ki riƙa sake jiƙa tsumman. Ruwan da yake bushewa daga tsumman yana tafiya da zafi, shi ne yake sanyaya abin da ke ciki. A kan wannan ƙa'ida ne ake sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen buhu ko tsumma. Tana aiki sosai inda iska take a bushe. Inda iska take da laima kuwa ruwan ba ya bushewa da sauri, sanyin da ake samu kaɗan ne. Jiƙawa a kwanon ruwa a zafin ɗaki kuma kada ta wuce ta yini guda, domin ruwa mai ɗumi ya fi komai saurin ruɓar da shi.

Idan wuta ce ta ɗauke, firjin da ba a buɗe ba yana riƙe sanyinsa kamar awa huɗu. Radish dunƙule ba nama ba ne, ba zai zama haɗari don ya ɗan huce ba. Abin lura shi ne gumin da ledar za ta yi idan sanyi ya tafi ya dawo. Ki buɗe, ki goge, ki canja tsumma.

Duk abin da na faɗa a kan jajayen ƙanana ne, tunda su kika ambata. Akwai manyan iri masu jure ajiya, kamar dogon farin nan da mutanen Japan suke kira daikon, da kuma mai baƙin ɓawo. Waɗannan suna yin wata biyu zuwa huɗu a sanyi mai danshi, kuma a ƙasashe masu hunturu akan binne su cikin akwatin yashi mai ɗan danshi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Idan kin yanki rabin dogon farin, ki naɗe bakin yankan da leda ya manne, ki mayar firji, in za ki sake amfani ki fere siririn da ya bushe.

In ya yi yawa

Firiza ba ta ajiye ƙaras-ƙaras, saboda dalilin da na faɗa a kan daskarewa. Idan don dahuwa ne, ki yanka, ki tsoma a tafasasshen ruwa minti biyu zuwa uku, ki juye cikin ruwan ƙanƙara, ki tsane, sannan ki daskarar. Zai yi amfani a miya ko gashi, amma ba a salak ba.

Abin da na fi yi da rara shi ne tsimawa a ruwan kal. Ki yanka sirara, ki cika kwalba mai tsabta. Ki haɗa kofi ɗaya na ruwan kal irin na girki mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 da kofi ɗaya na ruwa, ƙaramin cokali biyu na gishiri, babban cokali ɗaya ko biyu na sukari, ki ɗora a wuta har su narke. Ki bari ya huce kafin ki zuba, domin ruwan zafi yana ɗan dafa yankan ya rage musu ƙwari. Cikin awa ɗaya jan ɓawon zai sauka cikin ruwan, komai ya koma ruwan hoda. Wannan ba irin tsimin da ake ajiyewa a kan kanta ba ne, a firji zai zauna, kuma ya fi daɗi a makon farko, ko da yake yana kaiwa mako biyu. Ki dai shirya wa warin sulfan da zai bugi hancinki duk sanda kika buɗe murfin. Ba lalacewa ba ce, halin dangin kabeji ne, kuma idan kin bar kwalbar a buɗe minti biyu kafin ki kai ta tebur, yawancinsa zai tafi.